Dala Biyar a Kan Allura

Ana fitar da kayan ɗakin kawuna a Matankari don a gyara rufi kafin damina, sai ga wani akwati daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon bargo. Yaran gida sun zaci na tufafi ne. Da aka buɗe, ashe garmaho ne irin na ɗauka a hannu, mai lasifika a jikin murfi, wanda ya zo da shi daga ci-rani a Abijan tun yana saurayi. Sunan kamfanin ya goge, zanzaro ya yi gini a kusurwa. Ni dai hannun allurar ne ya tsone mini ido: an ɗora masa kwabon dala biyar, an ɗaure da zaren ɗinki, zaren har ya yi baƙi.

"Kawu, wannan fa?"

"Tsalle taka yi, ɗana," in ji shi. "Da na aza mata dala biyar sai ta natsu."

Kwabon nan na tamma 25 giram 8 ne nauyinsa. Hannun irin wannan na'ura da ma can yana danna allura da giram biyar ko fiye, alhali allurar zamani mai kyau giram biyu ya ishe ta. Wato shekara da shekaru huɗa ake yi wa faifan. Na Shata guda biyu da kawu ya fi ƙauna sun yi toka-toka, in ka karkata su a hasken rana tsagin ya yi fari kamar burtali. Wani na kiɗan Turawa da aka haɗa masa a ciniki, wanda bai taɓa damuwa da shi ba, yana nan baƙi wuluk yana sheƙi.

Ɗan kawu ne ya yi mini tambayar: "Yaya, a nemo masa kayansa na asali, ko a sa masa na yanzu?" Bai san cewa gardamar da ake tafkawa ke nan daga Tokiyo har Landan ba. Faifan garmaho ya dawo kasuwa. A Amurka an sayar da guda miliyan 41 a 2022, ya zarce CD a yawa karon farko tun 1987. Kamfanin Technics ya daina ƙera na'urarsa SL-1200 a 2010, masu nema suka matsa har ya dawo da ita a 2016. Tsoffin na'urori irin su Garrard 301 ta Ingila, wadda ta fito a 1954, da Thorens TD 124 ta Suwizalan ta 1957, yanzu sun fi kuɗinsu na sabunta nesa ba kusa ba. Masu su sun rabu biyu. Akwai masu cewa ko ƙusa kada a canza, don kowace ƙusa baƙuwa tana rage daraja ranar gwanjo. Akwai masu cewa na'ura don ji aka yi ta, duk abin da zai gyara sauti a sa. Abin dariyar shi ne Garrard 301 ɗin tsirara aka riƙa sayar da ita, inji da faranti kawai. Mai saye ne zai nemo hannu daga wani kamfani, kamar SME da ya fara fitar da nasa a 1959, ya kuma sa kafinta ya yi mata mazauni. Haɗe-haɗe ce tun ranar suna.

Mu a ƙasar Arewa lissafinmu daban ne, don babu mai shirin kai garmahon babansa gwanjo a Landan. Abin da ya shigo Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri ya biyo ƙafar mutane ne: 'yan ci-rani daga Kumasi da Akara da Abijan, tsoffin sojoji, malaman lakwal da ma'aikatan gwamnati, da fatake masu tsallaka iyaka zuwa Kangiwa da Argungu da Sakkwato. Da fari mai wani ne, wanda ake murɗa wa hannu, daga baya na pil da na kuran, musamman ƙananan akwatunan Teppaz da ake ƙerawa a Liyon, waɗanda suka cika ƙasashen da Faransa ta raina. Sai kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, ya zo ya yi musu ritaya kafin ƙarshen shekarun 1970, kuma da hujja: yana ɗaukar murya, ba ya tsalle a bayan amalanke, ba ya kuka da ƙura. Sunan kawai ya rage. Bahaushe ya dubi baƙin abin nan zagayayye ya ga ya yi kama da faifan rufe ƙwarya, kuma har yau bidiyon da ke cikin waya faifai muke ce masa.

Na'urorin nan miliyoyi aka ƙera, in ɗaya ta mutu akwai 'yar'uwarta a kasuwar Katako ta Yamai ko Sabon Gari ta Kano. Faifan fa? Waɗanda kamfanoni irin su EMI suka buga wa Shata da Ɗan Maraya Jos a Najeriya ba a ƙara buga galibinsu ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, babu mai komawa ɗakin ɗauka. Ga kuma wanda kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da kiɗan makaɗan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a shekarun 1960, da na kiɗan Hausa da David Ames ya ɗauka a arewacin Najeriya a wannan zamanin. Shi ya sa a ganina asalin da ya kamata mu yi kishi yana cikin tsagin faifai. Kowane ƙarfe ko roba da za a sa wa na'ura, tambaya ta farko ita ce zai ci faifan ko zai raga masa. Da wannan ma'auni sai ka ga wasu kayan asali su ne maƙiya, wasu kuma ba su da madadi.

A fara da roba, don ita rana ta fi ci. Hanya uku inji ke juya faranti: ta bel, ta wata 'yar tayar roba da ke goga a cikin bakin farantin, ko kai tsaye, farantin na zaune a kan injin. Na taɓa buɗe wata mai bel da na saya a hannu, na tarar bel ɗin ya narke ya zama kwalta, ya manne a ƙarfe, na kwashe yammaci guda ina gogewa da auduga da sifirit, yatsuna sun yi kwana uku baƙi. A nan duk wanda ya ce sai na asali ya yaudari kansa. Bel ɗin da aka rufe a kwalinsa a 1975 ya tsufa daidai da wanda ya narke, ajiya ba ta hana roba shekaru. Sabo ake nema, mai tsawo da faɗi da kauri daidai. Masu gyaran rediyo namu sukan yanko tib ɗin keke, kuma zai juya, sai dai kaurinsa ba ɗaya ba ne, muryar mawaƙi ta riƙa lilo kamar mai jin barci. Gwajin gudu ba ya buƙatar kayan aiki: manna 'yar takarda a bakin faranti, ka riƙe agogo. Babban faifai, mai juyi 33 da sulusi a minti, sau 100 cif zai zagaya cikin minti uku. Ƙarami 45 a minti ɗaya.

'Yar taya kuwa taurara take yi, in kuma an ajiye na'urar tana danne shekaru sai gefe ɗaya ya lotsa, ka riƙa jin dum, dum, a ƙarƙashin kiɗa kamar ana daka a maƙwabta. Ƙarfen tsakiyarta kada a yar, shi ne mai wuyar samu, robar ake sabuntawa. Mai ma haka: giris ɗin da aka shafa a masana'anta ya daskare ya zama danƙo, shi ya sa hannun na'urori masu sarrafa kansu yake maƙalewa, mai gaggawa ya fizga ya karya. A wanke tsohon, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan. Man gyaɗa na tuya ne.

Sai allura, inda rigimar take. Ta garmaho mai wani ƙarfe ce zalla, fuska ɗaya ta faifai ake yi da ita a jefar, shi ya sa ake sayar da su ɗari-ɗari a 'yan gwangwanaye. Wa ya taɓa jefarwa a nan? Wasawa ake yi a dutse a mayar. Ta yakutu awoyi gommai take yi, ta lu'ulu'u ɗaruruwa, kuma kowace in ta cinye bakinta yakan zama kamar kurfi, tana tafe tana fiƙe bangon tsagi. Akwai wani tarkon kuma. Tsohon faifai mai juyi 78, mai nauyi mai saurin fashewa, tsaginsa ya ninka na faifan roba kusan sau uku a faɗi. Faifan roba ya zo daga baya, babban daga Columbia a 1948, ƙaramin daga RCA Victor a 1949. Saboda haka akwatuna irin na kawu suke da allura mai baki biyu da 'yar marfiya da ake juyawa, gefe ɗaya an rubuta 78, ɗayan LP. Da na duba ta kawu, bakin LP ya gutsure tuntuni, da na 78 ake ta aiki. Ba ta shiga tsagin sosai, dole ta yi tsalle, maganin tsalle kuma aka ce dala biyar. Allura ta tono garma.

Ta asali ko ta yanzu? Sau da yawa zaɓin ma babu. Shure na Amurka, wanda kawunansa, wato 'yan akwatunan da allura ke maƙale a jiki, suka cika gidajen rediyo da wuraren rawa, ya daina yin su a 2018. Mai kan Shure yanzu ko dai ya biya kuɗin tsiya don tsohuwar ajiya, wadda 'yar robar da ke riƙe da tsinkenta wataƙila ta bushe, ko ya sayi ta Jico na Japan, kamfanin da ke ƙera allurai don kawunan wasu, kuma masana da yawa ba sa ganin ta gaza ta asalin. Ortofon na Danmak da Audio-Technica na Japan suna nan suna yin sabbi. Kuskuren kasuwarmu shi ne raba kaya gida biyu, orijinal da jabu. Gida uku ne. Akwai na mai na'ura, akwai na wani kamfani da ya sa sunansa a kwali ya tsaya a kan aikinsa, akwai kuma wanda ya saci sunan wani. Na biyun halal ne. Na ukun ne abin gudu, kuma a harkar allura araharsa faifai ke biya. Madubin ƙara girma, ko kyamarar waya in an matso da ita, zai nuna maka ko tsinken a miƙe yake, ko ɗan dutsen a tsaye yake.

Kada kuma a ce tunda nauyi ne ya yi ɓarna a sassauta gaba ɗaya. Allurar da ba ta samu nauyinta ba rawa take yi a cikin tsagi tana dukan bango, ɓarnarta ba ta gaza ta dala biyar ba. Kowane kai yana da nauyin da aka rubuta masa, ɗan sikelin nan na masu sayen zinariya ya isa a auna.

Kai, wato ɗan akwatin da allura ke maƙale a jiki, iri biyu ne a taƙaice. Na ƙananan akwatuna yana da wani ɗan gishiri ko tangaran a ciki wanda ke ba da wuta in an matsa shi. Na gishirin zafi da raɓa suna kashe shi, kuma wanda ya san ɗakin kwano a watan Afrilu a Dogon Dutsi ya san ba a tambayar dalili. Sabon na tangaran yana maye gurbinsa ba tare da wata wahala ba. Ɗaya irin mai maganaɗisu ne, shi ne na manyan na'urori, ya fi taushi a kan faifai, ya fi fitar da sauti. Nan masu son gyara suke faɗawa rami. Mutum ya ji an yabi mai maganaɗisu, ya sayo ya ɗaura a akwati irin na kawu, ya kunna, ya ji kiɗa siriri kamar kukan sauro. Dalili biyu ne. Wutar da yake bayarwa 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na bolt ba. Sannan tun 1954 kamfanoni suka daidaita a kan yanka faifai da rage kaurin sauti da ƙara kaifinsa, don tsagi ya yi ƙanƙanta waƙa ta samu wuri, sai wani ɗan amfilifaya na musamman ya mayar da kowane mazauninsa. Akwatin ba shi da wannan, hannunsa kuma ba shi da dutsen awo a baya da za a daidaita nauyi. Sirdin sarki ne a bayan jaki.

Maganar kuran ta fi shafar mai sayen ta hannu. Wutarmu bolt 220 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce sau 60, ta Japan 100. Wanda ya soka 'yar Amurka a bango ba taransifoma hayaƙi zai gani. Wanda ya sa taransifoma ma bai tsira ba, don injinan tsoffin na'urori da yawa da bugun wutar suke ƙirga gudunsu. Wadda aka yi don 60 in ta sha 50, juyi 33 zai koma wajen 28, kalangu ya saki, Shata ya koma kamar wanda aka tasa daga barci. Maganinsa ɗan ƙarfen kan inji da aka yi don 50, kuma a nan na asali ya fi, don kuskuren da bai kai kaurin gashi ba kunne zai kama shi. Ga kuma halin wutar kanta. Kaso mai yawa na abin da kamfanin wutar Nigelec ke rabawa a yammacin Nijar daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kabi, kowa kuma ya tuna yadda aka kwana da aka yanke shi a watan Agustan 2023. Janareta gudunsa hawa da sauka yake, faifai ya bi shi. Inbatar sola mai araha tana sa inji ƙugi da zafi. Saboda haka in za a tambaye ni wadda ta dace da ƙauyukanmu, ba zan ce Garrard ko Thorens ba, duk da kwarjininsu. 'Yar Japan mai juyi kai tsaye zan ce, irin waɗanda ke ƙirga gudunsu da kansu ba ruwansu da bugun wutar gari, kamar SL-1200 ta biyu da ta fito a 1979 da ƙannenta marasa suna. Ba bel, ba taya, ba abin da rana za ta narkar. In an ji ƙugi, a duba siririyar wayar nan da ake ɗaurewa a bayan amfilifaya, sau tari ita ce ta kwance.

Mazauni kam a sake shi ba tare da jin kunya ba. Yawancinsu garin katako ne da aka matse, damina ta kumbura shi, gara ta ƙarasa. Kafintan Dutsi zai yi wanda ya fi shi da maɗaci ko falanki da aka jera aka manne, muddin an ce masa nauyi ake so, a kuma auna ramukan da kyau. Turawa suna sayen ƙafafu masu tsada don hana girgiza. Tire cike da yashi da allo a kai yana yin aikin, yashi kuwa Dallol Mawuri bai taɓa rowarsa ba. A tabbata teburin bai karkata ba, a sauke lasifika daga kansa, a ɗinka wa na'urar riga saboda hunturu.

Abin da zan tsaya wa masu kishin asali a kai shi ne ƙarfe: inji, faranti, sandar tsakiya da gidanta, da hannu in mai kirki ne. An yi su a zamanin da ba a tsumulmular ƙarfe, abin da za a samu a madadinsu a kasuwa da wuya ya kamo su. Wankewa da mai suke so. Kuma duk abin da aka cire a ƙulle shi a leda a ajiye cikin akwatin, kada a huda inda babu huda, kada a yanke waya in kwancewa za ta yi. Gyaran da ba a iya warwarewa shi ne gyaran gangar Auzinawa. Na ga wadda aka fesa wa fenti ja, aka zagaye da fitilu masu walƙiya, aka fasa gefe aka cusa Bluetooth. Ta yi kyau a fada, ba na musu, amma allurar da ke kanta ta girmi mai ita. Kuɗin fitilun da sun sayi sabuwa. Bluetooth ɗin ma ɗan akwati ne da za a iya jonawa daga waje.

Masu kishin asali suna da wata gaskiyar kuma da ba a aunawa da sikeli. Kawu ba tsabtar sauti yake nema ba. Muryar akwatin nan yake nema, 'yar shaƙaƙƙiya mai fita ta murfi, wadda ta tara masa samarin unguwa a ƙofar gida shekarar da ya dawo. In ka canza komai ka ba shi sauti garau, ka ba shi na'urar wani.

Su faifan, a tsaye ake jera su kamar littattafai, nesa da rana da kwanon rufi, don zafi kan lanƙwasa su kamar ganyen kabewa. Wanki da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a bi tsagi da yadi mai laushi, a kiyaye takardar tsakiya. Ruwan rijiya yakan bar gishiri-gishiri in ya bushe, tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota ya fi, amma a tabbata ba mai asid ba ne. Mai juyi 78 kada sifirit ya kusance shi, da wani irin ƙaro aka yi shi, narkewa zai yi. Wanda yake da faifan da ba a samu kuma, ya kunna shi sau ɗaya a na'ura mai kyau ya kwafe a kwamfuta kafin komai, musamman kafin ya sayar, don masu farautar tsoffin faifai daga Turai sun daɗe suna zagaya Kwatano da Legas da Yamai, abin da suka ɗauka kuwa ba ya dawowa. In abin tarihi ne, akwai cibiyar CELHTO da makarantar kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai da za a iya tuntuɓa. Duniya juyi-juyi: a 2011 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara waƙoƙi daga katin memorin wayoyin mutanen Sahara ya buga su a faifan garmaho, mu kuma ga mu muna kwashe na faifai muna zubawa a memori.

Na kawu dai mun yanke zaren, mun rushe ginin zanzaro, mun sa sabon kai na tangaran da allura mai baki biyu, tsohon yana ƙulle a leda cikin murfi. Faifan Turawan nan da ba wanda ya damu da shi shi ake sa wa yara su ga yadda abin ke juyawa. Na Shata biyun na tafi da su Yamai wurin wani abokina mai 'yar Japan, muka wanke, muka kunna kowane sau ɗaya, muka kwafe. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin da dala biyar ta bari ta biyo su cikin wayar, har da wurin da allura ke tsalle a tsakiyar fuska ta biyu. Da na kunna wa kawu a zaure, ana kusa da wurin sai na ga ya ɗaga yatsa zai taɓa hannun da babu shi, ya tuna, ya mayar da yatsan kan gwiwa. Kwabon kuwa ya karɓi abinsa, ya goge a gefen riga, ya kira ƙaramar jikarsa ya ce ta je ta sayo alewa.